Taya ta ce mita 10, tef ya ce 8: ko sensar haske za ta raba gardama?

Maƙerin_Zamani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wani ƙaramin mutum-mutumi mai taya huɗu, wanda zai riƙa jigilar kaya a cikin sito. Na sa masa enkoda a jikin tayoyin baya, tana ƙirga juyin taya, kwamfutar ciki kuma ta mayar da shi nisa da gudu. A kan siminti mai kaushi lissafi na fita lafiya lau. Amma da zarar ya hau wuri mai ƙura, ko ya tashi da ƙarfi da kaya a kansa, sai taya ta ce an yi mita 10, ni kuma in ja tef in ga 8 da ɗoriya. An ba ni shawarar in sa irin sensar nan mai kallon ƙasa da haske, wadda ba ta taɓa komai. Shin ya take aiki? Kuma gaskiya ne cewa maus ɗin kwamfuta ne kawai aka canza wa riga?

Injiniya_Bash: Wa alaikumus salam. Matsalarka ba ta enkoda ba ce, ita aikinta ta yi. Juyin taya aka ce ta ƙirga, ta ƙirga. Ba ta da hanyar sanin ko tayar ta kama ƙasa ko santsi ya kwashe ta. Ita kuwa sensar da ake gaya maka ba ruwanta da taya, ƙasar take kallo.

Dabarar mafi sauƙin fahimta ita ce ta ido biyu. Ka jera idon haske biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tazararsu a ce santimita 2. Kwalta ko siminti ba launi ɗaya ba ne, akwai tsakuwa mai haske, akwai baƙin ɗigo, akwai tsaga. Duk abin da idon gaba ya gani, jim kaɗan na baya zai gan shi. Sai kwamfuta ta ɗauki siginar biyu tana matsar da ɗaya kan ɗaya har ta samu inda suka fi yin kama. Wannan jinkirin shi ne lokacin da ƙasa ta ɗauka daga ido zuwa ido. Ka raba tazara da lokacin, gudu ya fito. In jinkirin kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ne, santimita 2 ɗin nan ta ba ka mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa.

Sarkin_Shakka: Duk wannan wahalar ta mece ce? Wayar da ke aljihunku tana nuna gudu da GPS. Ku ɗaure masa tsohuwar waya a huta.

Ummu_Lantarki: Malam Sarkin_Shakka, a cikin sito ya ce fa. Ƙarƙashin rufin kwano wane tauraron ɗan'adam za ka gani? Ko a fili ma, yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta wuri, kuma kuskurensu mita-mita ne. Abin da ke bin lungu tsakanin kantoci ba zai jira wannan ba, kafin waya ta farga ya riga ya yi karo.

Malama_Fiziks: Injiniya ya kawo dabara ɗaya, bari in ƙara ta biyu, don ita ce a cikin na'urorin da masu gwajin motoci suka daɗe suna amfani da su. Fitila ce ke haska titi, gilashi ya ɗauko hoton wurin ya jefa shi kan wani faranti mai layuka a jere, tazararsu ɗaya. A bayan farantin akwai idon haske. Ka tuna yadda in kana tsaye a bayan shinge da dare, babur ya wuce ta ɗaya gefen, fitilarsa za ta riƙa bayyana tana ɓacewa tsakanin sanduna, in yana gudu sosai walƙiyar ta yi sauri. To kowace 'yar tsakuwa mai haske haka take yi wa idon nan. Dubbansu ne ke wucewa lokaci guda, amma duk da gudu ɗaya, saboda haka sigina ke fitowa tana hawa tana sauka da wani ƙayyadadden sauri. In tazarar layukan a kan ƙasa ta yi daidai da milimita 2, mota kuma na yin mita 10 a daƙiƙa, za ka ga bugu 5000 a daƙiƙa. Ƙirga bugu, ka san gudu.

Akan sa ido biyu a nan ma, ɗaya na karɓar hasken da ya faɗa layuka na ɗaya, na uku, na biyar, ɗayan kuma na biyu, na huɗu, na shida, sai a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Da haka hasken da ya game ko'ina, kamar na rana, yake soke kansa, a bar motsin kawai.

Sanannen suna a wannan fanni shi ne Correvit. Daga Jamus ta fito, yanzu kamfanin Kistler na Suwizalan ke yin ta.

Ɗalibi_Aliyu: Ina bibiya. Malama, Allah ya ƙara ilimi.

Bakanike_Tsoho: Ni abin da ya ja ni cikin zancen nan shi ne na taɓa ganin irinta maƙale a ƙofar mota a filin gwaji. Wata 'yar gwangwani ce an kafe ta da roba mai tsotsar jikin mota, bakinta na kallon ƙasa kamar taku ɗaya da wani abu daga kwalta, da waya ta shiga ta taga. Kafin zuwanta taya ta biyar ake amfani da ita. Wata siririyar taya ce kamar ta keke, a ɗaura ta a bayan mota tana bin ta, ba birki ba inji a jikinta, don haka ba ta da dalilin zamewa. Sai dai tana tsalle in titi ba shi da kyau, kuma in mota ta juya da ƙarfi ko ta ja da baya sai ta zama kaya.

Dalilin duk wannan shi ne gwajin birki. In ka danne birki taya ta ƙame, maleji zai faɗi ƙasa, alhali mota na nan tana jan ƙasa. Ko da ABS ma, wato tsarin da ke hana taya ƙamewa in an danna birki, tayar tana juyawa ne ƙasa da gudun motar, don taya ta fi kama titi in tana ɗan zamewa kaɗan. To wanda yake son sanin daga kilomita 100 a awa mita nawa mota ta ci kafin ta tsaya, ba zai tambayi taya ba.

Maƙerin_Zamani: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba a taɓa min maganar maus ba. Ina da matattun maus a kwali, in zai yi aiki yau ɗin nan zan farke ɗaya.

Injiniya_Bash: Dangi ne, ba tagwaye ba. Maus mai haske yana da 'yar kyamara ƙarama, tana ɗaukar hoton tebur sau dubbai a daƙiƙa, ta gwada sabon hoto da wanda ya gabata, ta ga fiksel (ɗigon hoto) nawa ya matsa hagu ko gaba. Wato kwatanta kama ɗin dai, amma da hoto. Tun 1999 Microsoft ta fito da shi kasuwa da cif (ɗan guntun lantarkin da ke wannan aiki) na kamfanin Agilent. Wani cif da masu haɗe-haɗe ke amfani da shi, ADNS-3080, fiksel 30 sau 30 ne, yana iya ɗaukar hoto har 6400 a daƙiƙa.

Ga inda gizo ke saƙar. Da gilashinsa na asali wurin da yake gani kusan milimita 2 ne kacal. Mota mai kilomita 100 a awa tana cin mita 27.8 a daƙiƙa, ka raba da 6400, ƙasa ta matsa fiye da milimita 4 tsakanin hoto da hoto. Ke nan hoto na biyu ba shi da komai na hoton farko, babu abin kwatantawa. Shi ya sa takardar cif ɗin ta tsayar da shi a wajen mita 1 a daƙiƙa. Naka mutum-mutumin in bai wuce wannan ba, gudu ba zai dame ka ba. Tsayi ne zai dame ka.

Ummu_Lantarki: Wannan magana ta tsayi ku riƙe ta da kyau, don a nan yawancin masu farke maus suke karaya. Gilashin maus an yi shi ne ya ga abin da ke manne da shi, ɗaga shi kaɗan daga tebur ka ga kibiyar da ke kan allo ta tsaya cak. Kai kuma ba za ka ja sensa a ƙasan sito ba, dole ka ɗaga ta, dole ka canza gilashi. Da ka canza, sabuwar matsala ta shigo: abin da ke nesa a hankali yake wucewa a ido, na kusa da sauri. In ka yi saiti a santimita 5, sannan taya ta hau wani abu sensa ta koma 5.5, za ta rage maka gudu da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba za ta nuna alamar ta yi kuskure ba. Ka ɗora kaya masu nauyi jiki ya sauka, sai ta ƙara maka. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Na ga wani ɗalibi ya haɗa nasa, a tebur komai daidai. Aka sauke shi ƙasa, inda siminti ya haɗu da tayil akwai ɗan tudu da bai kai kaurin yatsa ba, duk hawa ɗaya sai layin da ke kan allo ya ɗan karkace. Kafin ya zagayo ɗakin, a allo yana cikin bango.

Malama_Fiziks: Shi ya sa na masu gwajin mota suke da wani tsarin gilashi da ake kira telesentirik. Akan sa ƙaramar kafa a daidai wurin da gilashin ke tara haske, sai ya zamana hasken da ya taso a miƙe kaɗai ke wucewa. Sakamakon haka girman hoton ba ya canzawa ko ƙasa ta ɗan matso ko ta ɗan yi nisa. Mota na ja birki gabanta ya duƙa, tana kwana ta kwanta gefe, ba don wannan dabara ba da awon ya lalace a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Illarsa ita ce kafar na zubar da haske mai yawa, dole fitila ta zama mai ƙarfi, kuma wurin da za ka gani ba zai fi faɗin gilashin ba.

Sarkin_Shakka: To ai kun dawo kan maganata. Masu gwajin motocin ma yanzu ba akwatin GPS suke ɗorawa ba? VBOX na kamfanin Racelogic na Ingila, sau 100 a daƙiƙa yake ba da gudu. Ba fitila, ba gilashin da za a goge.

Injiniya_Bash: A nan kam kana da gaskiya, ya karɓe kasuwa da yawa. Kuma ba wuri yake ɗebewa daga wuri ba, sauyin da motsi ke jawowa a siginar tauraron yake aunawa, shi ya sa gudunsa ke fita da kyau. Amma shiga da shi hanyar ƙarƙashin dutse, ko ƙarƙashin gada, ko tsakanin dogayen gine-gine ka gani. Sannan akwai abin da eriya ɗaya ba ta iya gaya maka: ina hancin mota ke kallo. Tana sanin inda motar ta nufa ne kawai. Sensar haske mai auna gaba da gefe lokaci ɗaya tana ba ka kusurwar da ke tsakanin inda mota ke kallo da inda take tafiya a zahiri, kai tsaye. Masu gyaran tsarin hana mota juyewa da masu motocin tsere wannan kusurwar suke nema ido rufe.

Direban_Tarakta: Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ba ɗan boko ba ne sosai. Matsalar Maƙeri mu kullum cikinta muke. Tarakta na jan garma a ƙasa mai laushi, taya na juyawa fiye da yadda ake tafiya. In injin feshi ko na zuba iri da juyin taya yake lissafi, zai ɗauka an ci ƙasa da yawa, ya zuba fiye da ƙima. Manyan taraktoci rada ake sa musu a ƙarƙashi, mai auna gudu da siginar rediyo, tana kallon ƙasa a karkace. Ba ruwanta da ƙura. Ni ina ganin duk abin da ke da gilashi ba zai yi rabin wuni a gona ba taɓo bai rufe masa ido ba.

Bakanike_Tsoho: Direba ya faɗi gaskiya a kan taɓo. Amma radar nan in aka kafe ta kusurwa ta goce ko kaɗan, lissafi ya goce. Kuma doguwar ciyawa na kaɗawa a gabanta tana ruɗa ta.

Ɗalibi_Aliyu: Tambaya a gefe, a yi min afuwa. In haka ne, malejin motocin da muke hawa ma ƙarya yake yi ke nan?

Bakanike_Tsoho: Yaro, ba ƙarya ba ce, ƙari ne da gangan. Ƙa'idar da Turai da wasu ƙasashe da dama ke bi ta ce maleji kada ya taɓa nuna ƙasa da ainihin gudu, amma an yarda ya nuna sama da shi har kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Saboda taya ba girma ɗaya take zama ba. Tayar ƙaramar mota daga tsakiya zuwa baki wajen santimita 31 ce, in ta cinye milimita 6 na zanenta ta ragu da kusan kashi 2 cikin 100. Ga iska, ga nauyin kaya, ga masu canza rim. A tuƙin yau da kullum wannan ba komai ba ne.

Mai_Jirgin_Leda: Ku dawo kan maus, don mu masu ƙananan jirage marasa matuƙi mun daɗe da wuce wurin farke shi. Akwai cif da aka yi musamman don kallo daga nesa, PMW3901 na kamfanin PixArt, yana aiki daga santimita 8 zuwa sama. Shi ne a ƙarƙashin ɗan jirgin nan Crazyflie, shi ke sa ya tsaya wuri ɗaya a cikin ɗaki ba tare da GPS ba. Amma ku lura, ba shi kaɗai yake ba. A gefensa akwai 'yar sensar leza mai auna tsayi, maganar da Ummu ta yi ke nan. Sannan dole a haɗa da jairo, wato sensar da ke auna juyawa da karkata, domin in jirgi ya ɗan sunkuya kawai, hoton ƙasa zai gudu a idon kyamara alhali bai matsa ko'ina ba. Sai an ɗebe wannan kafin a samu gudun gaskiya. Na masu taya kuma akwai ƙaninsa PAA5100JE, wanda aka yi don tsayin milimita 15 zuwa 35. Maƙeri, wannan ya fi kusa da bukatarka.

Ummu_Lantarki: Ƙari a kan haka, sensa ɗaya ba ta bambance juyawa da zamewa gefe. In ka kafe ta a gaba, mutum-mutumi ya juya a inda yake, za ta ce an tafi gefe. Ko ka sa biyu nesa da juna, ko ka haɗa da jairo.

Malama_Fiziks: Abin da ke burge ni a fannin nan, ƙwari sun riga mu. A 1956 Hassenstein da Reichardt suka fitar da bayanin yadda idon wani ƙwaro ke gane motsi: ido biyu maƙwabta, a jinkirta siginar ɗaya, a ninka da ta ɗayan. Kusan abin da Injiniya ya zana a farko. Daga baya Srinivasan a Ostareliya ya riƙa tura ƙudan zuma cikin siririn rami mai zane a bango, ya nuna cewa da yawan wucewar hoto a idonsu suke auna nisa. In ramin ya matse, bango ya matso kusa, sai su ɗauka sun yi tafiya mai nisa fiye da wadda suka yi. Matsalar tsayin nan dai, har su ba ta bari ba.

Sarkin_Shakka: Daga sito an kai mu gidan zuma. Ni dai tambayata ɗaya: in ƙasan ba ta da zane fa? Tayil mai sheƙi, ko gilashi, ko ruwa ya kwanta?

Injiniya_Bash: To ka taɓo inda ke mata ciwo. In babu abin gani, babu awo. Ruwa kwance ya fi muni, don wani lokaci ba makancewa take ba, saman ruwan ko feshin da taya ke watsawa take bi, ta ba ka lamba da ƙwarin gwiwa. Haka ƙasa mai zane iri ɗaya da ke maimaita kansa, tana iya ɗaukar wannan layin a matsayin wancan.

Har NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, abin ya taɓa. Ɗan helikwaftan nan Ingenuity da ya fara tashi a duniyar Mars a Afrilun 2021, da kyamara mai kallon ƙasa yake gane gudunsa. An tsara masa tashi 5, ya yi 72. A na ƙarshen, Janairun 2024, ya samu kansa a kan tuddan yashi masu sumul, kyamara ta rasa abin kamawa, ya sauka da gudun gefe fukafukansa suka karye. Ta ɗaya ɓangaren kuma, motarsu Opportunity a 2005 ta kafe a yashin Mars, tayoyi na ta juyawa, aka shafe makonni kafin a fito da ita. Taya ta gaza a yashi mai laushi, ido ya gaza a yashi mai sumul.

Mai_Jirgin_Leda: Gyara kaɗan, Injiniya. Na Ingenuity alamomi yake tsinta a hoto yana bin su ɗaya-ɗaya, ba faranti mai layuka ba ne irin na Malama. Amma ciwon ɗaya ne, na yarda.

Maƙerin_Zamani: Kai, na sha karatu. To yanzu in cire enkoda in sa ta haske, ko yaya? Ƙasan siton siminti ne, amma akwai ɓangaren da aka shafa masa fenti mai sheƙi, kuma ana wanke shi da ruwa.

Ummu_Lantarki: Kada ka cire komai. Ka bar enkoda, ka ƙara ta haske, ka ƙara jairo. Cif ɗin nan suna fitar da wata lamba da ke nuna yawan abin da suke gani a ƙasa. In lambar ta yi sama ka yarda da haske, in ta faɗi ka koma kan taya. In kuma su biyun suka saɓa alhali lambar na sama, ka san taya ce ke zamewa, sai ka rage wa injin da ke juya taya wuta. Masu lissafi da wata dabara da ake kira tacewar Kalman suke haɗa su, amma ko da sharaɗi mai sauƙi za ka ga bambanci. Ka sa mata fitilarta a karkace don ƙananan ramukan siminti su yi inuwa, ka yi mata rumfa kada hasken waje ya shiga.

Injiniya_Bash: Ni ban cika son a dogara da lambar nan ita kaɗai ba, a kan jiƙaƙƙen fenti tana iya yin sama saboda ƙyalli. Kuma ko an haɗa ukun, nisa tara shi ake yi daga gudu, ƙaramin kuskure na taruwa. Kashi 1 cikin 100 a mita 200 ya zama mita 2. Dole akwai wani abu a bango ko a ƙasa da zai riƙa gani yana gyara lissafinsa.

Direban_Tarakta: Ni har yanzu ina kan bakana, ƙura za ta rufe gilashin. Wa zai riƙa bin sa da tsumma?

Bakanike_Tsoho: Ko ka koma dabarar da, ka sa ƙaramar taya ta biyar da sifirin yana danna ta ƙasa, ka ɗaura enkodar a jikinta. A gudun sito ba za ta yi tsalle ba.

Ummu_Lantarki: Baba, a kan ruwan sabulu ita ma za ta ja. Maƙeri, kafin ka sayi komai, ɗauki maus mai rai ka goga shi a kan fentin nan, a bushe da kuma a jiƙe, ka ga ko kibiya na tafiya sumul ko tana tsalle. Ka turo mana abin da ka gani, da tsayin da ke tsakanin ƙasa da cikin mutum-mutumin in an ɗora masa kaya.